Rubutun da Ya Ƙi Wankuwa

Aisa ba ta taɓa yarda da takarda ba, kuma ba yanzu da furfura ke leƙowa ta gefen ɗankwali za ta fara ba. A wurinta takarda munafuka ce. Sai ta yi lamo a gabanka, kana juya baya ta je ta kwanta a teburin jandarma ta zayyane komai. Shi ya sa ranar da 'yarta Aliya ta sauka daga motar Maine-Soroa da cikin wata bakwai, da akwati, da wani kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango a hammata, kayen Aisa ta fara kalla kafin cikin.

Goyon ciki Aliya ta zo, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Maine, mijinta Zayyad kuwa sakatare ne a ofishin farfe, babban jami'in gwamnati na yankin. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa yake durƙusawa in ya zo gaisuwa, amma Aisa ta daɗe da yanke wa kanta cewa wanda ke wuni cikin hatimi da tawada, ko suruki ne, iyakarsa zaure.

Kuma lokacin ba na wasa ba ne. Wata biyu ke nan da rediyo ya wayi gari yana cewa za a mayar da wasu Larabawa makiyaya Cadi, inda aka ce daga can suka fito. Bayan 'yan kwanaki aka ce an janye maganar. Mutanen Diffa suka yi hamdala suka koma gonakin tattasai, don ruwan Komadugu ya iso, injinan ban ruwa sai kuka suke a bakin gaɓa. Aisa ba Balarabiya ba ce, ko ɗan taguwa ba ta da shi, amma tun daga ranar tuwo ya daina yi mata daɗi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba sai an ce maka ka shafa wa naka ruwa ba.

Ga abin da take rufewa, tunda ni dai ba takarda ba ce. Aisa ba 'yar kwarin nan ba ce, daga Kanem ta fito, can cikin Cadi. Mijinta na farko direban motar soja ne, a ɓangaren da aka ci da yaƙi a ƙarshen shekarar 1990. Ya fita da motar wata safiya, ba shi ba labarinsa, sai ga shi an fara bi gida-gida ana tambayar iyalan irinsu. Ta saɓi 'yarta mai shekara shida, suka ɓuya a bayan motar kanwa, suka yi tafiyar ƙasa har ƙafa ta fashe, suka faɗo Bosso. Nan ta kama aikin bandar kifi. Nan kuma wani da ya tsere ya rantse mata ya ga motar mijin a ƙone, da shi a ciki. Ta yi takaba cikin hayaƙin banda, ba wanda ya san kukan mene ne take yi.

Ari ne ya ɗauko su. Manomin tattasai ne daga Diffa, matarsa ta rasu ba ɗa ba jika, mutum mai sanyi kamar randa. Ya aure ta, ya nemi shaidu biyu ya tafi kotu, ya dawo da takarda mai cewa Aliya 'yarsa ce, a Diffa aka haife ta. Sai yayarsa Ya Fanna ta ce sam, aiki bai ƙare ba. Takarda ta ofis ce, in ji ta, kasuwa kuwa fuska take karantawa, kuma duk zuriyarsu ba mai kumatu sumul. Zanen da ke fuskar Aisa bai yi nisa da na nan ba, sai mai ido zai raba su, amma yarinyar ba ta da ko ɗigo, don ubanta ɗan birni ne, ya hana a taɓa ta. Aka kira wanzami. Zanen da ake yi wa jinjiri ran suna, wanda ba wanda ke tunawa da zafinsa, shi aka yi wa Aliya tana da haƙoranta da wayonta.

Shekara goma sha shida ke nan. Ari ya rasu da bakinsa a rufe, Allah ya jiƙansa, shaidun ma sun bi shi. Saura Ya Fanna, da Aisa, da abin da yarinyar ta riƙe a kanta, in ma ta riƙe wani abu. Aisa ba ta taɓa tambaya ba.

To, sai ga kaye.

Kowace safiya in an sha kunu, Aliya sai ta ja tabarma gindin dogonyaro, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, ta ɗora kayen a kan cikin. Ta rubuta, ta tsaya, ta tauni gindin bik, wato biron da take rubutu da shi, ta kalli bango kamar da wani a tsaye a wurin. Da farko Aisa ta ce aikin lakwal ne. Amma aikin lakwal ba ya sa mutum share hawaye da gefen zane, kuma ba ya sa a dafe shafi da tafin hannu don uwa ta gitta da tsintsiya. Dafewar nan ta fi komai tsaya wa Aisa a rai. Ita da ba ta san ko alif na boko ba, me ake ɓoye mata?

"Ke Madam," ta ce mata wata rana, don ba ta kiran sunan 'yar fari, "wa ya ba ki wannan abin?"

"Shi ya saya mini, Iya."

"Mijinki."

"I."

Aisa ta ce "Hmm," ta ci gaba da shara inda ta riga ta share.

Sai tambayoyi suka fara, a fakaice, a tsakiyar wata hira. Ana tsinke hancin tattasai sai a ce, "Iya, motar nan da muka kwanta a bayanta, kanwa ta ɗauko ko gishiri?"

"Wace mota? A ɗakin can aka haihe ki. Ga inda aka binne cibiyarki."

"Akwai wata akuya mai kunne guda. Ko a Bosso ne?"

"Mahwalki kika yi. Masu ciki sun cika mahwalki."

"Iya, ina tuna wata ƙohwa shuɗiya, da wani mutum mai..."

"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Miƙo mini tiren can."

Aliya ta miƙa tiren, amma da hantsi ya yi sai ga bik yana gudu a kan takarda. Aisa ta tabbata har ƙaryar da ta yi ta shiga ciki.

Wani abin kuma da ya ƙara ɗaure mata kai, yarinyar sai warwarewa take. Ta zo a rame, idanu a zurme, kullum kai na sara, a gidan likita an ce jininta ya hau. Cikin sati uku ta fara cin tuwo har da neman ƙari, tana barci har da minshari, ranar nan ma Aisa ta ji ta tana waƙa a banɗaki. Wata uwar sai ta gode wa Allah. Aisa ma ta gode, amma ta san duk wanda ka ga ya miƙe wuya bayan ya daɗe da kaya, to a wani wuri ya sauke su. Ita tambayarta, a kan wa?

Ran wata Talata, ranar kasuwa, Ya Fanna ta biyo da sandarta. Ta tsufa tukuf, amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Ta jira Aliya ta shiga ɗaki, sannan ta matso har Aisa na jin warin goronta.

"Ɗiyarki ta zo gidana."

"Gaisuwa ta je."

"Gaisuwa da bik? Ta tambaye ni sunan wanzamin. Ta tambaye ni ko da rani ne ko da damina. Ina magana tana rubutawa, kamar a komisariya gaban 'yan sanda."

"Mi kika ce mata?"

"Na ce ni tsohuwa ce, ko abin da na ci jiya ban sani ba." Ya Fanna ta tofar da tukar goro. "Aisa, ruwa ba ya tsami banza. Mijin nan nata ba a ohishin farhe yake ba? Aka ce sun janye magana. Gwamnati tana janye magana, amma ba ta yaga takarda. In aka tone, ba ku kaɗai ba ne. Ƙanena yana kabari za a kira shi maƙaryaci, ni da na riƙe ƙahwahun yarinya a ja ni kotu da tsuhwana."

"Ɗiyata ba za ta yi mini haka ba."

"Ba sai ta sani ba. Namiji ya ce rubuta mini tarihinki don ina son ki, sai ta rubuta. Ku dai 'yan yanzu." Ta dogara sanda ta miƙe. "Ki san yadda za ki yi da abin nan tun bai yi ƙahwa ba."

Bayan fitarta Aisa ta zauna tana auna ita ma Ya Fannar. Wa ya sani ko ta faɗa wa yarinyar fiye da abin da ta ce ta faɗa? Haka zargi yake, in ya shiga gida ba ya zama a ɗaki ɗaya.

Washegari da Aliya ta zaga wanka, Aisa ta ɗaga katifa ta zaro kayen. Ta buɗe. A saman shafin farko akwai Bisimilla da rubutun Larabci, ita kaɗai ta gane, ta sumbace ta don al'ada. Sauran kuwa tsutsotsin boko ne, shuɗi a kan shuɗi, shafi ya fi talatin. Ta yi ta juyawa kamar mai neman tsakuwa a shinkafa, sai idonta ya faɗa kan abin da take tsoro. A tsakiyar rubutun, nan da can, an bar fili, an ja layi a ƙasansa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kusan kowane shafi.

Wannan kam ta san shi. Ta gan shi a meri, wato ofishin magajin gari, ranar da aka yi mata katin ɗan ƙasa, ta gan shi a kotu a hannun Ari. Takardar gwamnati ce ke barin fili da layi, inda mai ofis zai cika suna, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ta mayar da kayen yadda ta same shi, ta fito ta zauna a kan turmi.

Abin da ya fi ci mata rai, ba ta da wanda za ta kai wa. Duk mai idon da zai karanta mata, kunne gare shi, kuma baki gare shi. In ta tambayi Aliya, ta buɗe ƙofar da ta shekara goma sha shida tana tokare da bayanta. Tana son yarinyar nan fiye da numfashinta, kuma a kwanakin nan tsoronta take ji. Wannan shi ne gaskiya, ba daɗin faɗa.

Ran Alhamis Aliya ta tafi awon ciki da sassafe. Aisa ta sa sakata a ƙofar zaure, ta ɗauko kayen, ta tsaya da shi a gaban murhu. Wuta na ci, aikin minti ɗaya ne. Amma Bisimillar nan ta tsaya mata a ido, kuma wa ya san sau nawa sunan Allah ya fito a cikin bokon? Ita ba za ta jefa sunan Allah a wutar da ake dafa miya ba. Masai kuwa ko a tunani, a'uzubillahi. Kogi? Komadugu ba ya riƙe amana, abin da ka ba shi a Diffa sai ya kai wa masunta a Bosso.

Sai dabara ta faɗo mata, har ta yi mamakin yadda ba ta zo da wuri ba. Ai akwai yadda ake yi da rubutu mai sunan Allah, tun tana yarinya take gani. Malam ya rubuta a allo, a wanke a ƙwarya, allo ya koma tas kamar ba a taɓa shi ba, ruwan kuma a shanye. Shi ke nan. Za ta wanke shi shafi-shafi ta shanye ruwan, maganar da ta fito daga cikinta ta koma cikinta. Abin da za ta faɗa wa Aliya in ta tarar da kayenta fari fat, wannan ta bar wa Allah.

Ta yi alwala. Ta ɗauko sabuwar ƙwarya, ta zuba ruwa mai ɗumi, ta yi Bisimilla ta tsoma shafin farko, ta shafa da yatsu a hankali yadda ake shafa allo.

Ba abin da ya fita.

Ta ƙara shafawa. Ruwan yana nan garau, har tana ganin ƙasan ƙwaryar. Ta tsoma kayen gaba ɗaya, ta bar shi ya jiƙa, ta cuɗa da babban yatsa. Takardar ta yi laushi, gefenta ya fara murmushewa, wani shafi ya ɓalle ya taso sama, amma rubutun ko gezau. Tawadar malam da gawayi da ƙaro ake yin ta, an yi ta ne don a wanke. Tawadar bik kuwa ba ta san wannan ladabin ba. Tsutsotsin nan suka yi ta kallon ta daga ƙarƙashin ruwa, da layukansu, da filayensu.

Nan fa ido ya raina fata. Rubutu bai tafi ba, kaye kuma ya lalace. Ta tsamo shi yana zuba, ta ruga tsakar gida inda rabonta na tattasan gonar Ari ke shanye jawur a kan tabarmi. Ta ture tattasan gefe, ta ɓamɓare shafukan ɗaya bayan ɗaya ta shimfiɗa, kowanne ta danne shi da 'ya'yan tattasai biyu don iska. Wai ko za su bushe ta haɗa su ta mayar ƙarƙashin katifa. Tsohuwa da wayonta, amma tsoro ya mayar da ita yarinyar da ta fasa tulu tana haɗa sakaina.

Tana tsugune a kan shafi na ashirin da wani abu aka buga ƙofa.

"Iya, buɗe. Yau ni ce ta hwarko a layi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aisa ta goge hannu a zane ta zare sakatar.

Aliya ta shigo tana dafe da ƙugu, ta yi taku uku, ta tsaya. Ta kalli tabarmar, ta kalli ƙwaryar da shuɗin bangon ke yawo a ciki, ta kalli uwarta. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi wa Aisa sauƙi.

"Iya, mi na yi miki?"

"Ni zan tambaye ki." Muryar Aisa ta fito da ƙarfin da ba ta shirya ba. "Wa ya aike ki? Mijinki ne? Farhe ne ya aiko shi? Kin zo gidana da ciki a gaba da takarda a baya, kina tambayar mota, kina tambayar wanzami. Kin san abin da na taka kahin in kawo ki nan? So kike a ɗora mu a mota a mayar da mu inda ko kabarin da za mu nuna ba mu da shi?"

"Ba wanda ya aike ni."

"Ƙarya! Na gani da idona." Ta fizgo shafi ɗaya daga tabarmar, ta kai yatsa kan layin. "Wannan hwa? Ban yi lakwal ba, amma na shiga meri. Wa zai sa hannu a nan? Wa zai buga hatimi?"

Aliya ta dubi inda yatsan yake. Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, wadda ba ta kai ko'ina ba ta juye kuka. Ta lallaba ta zauna a bakin tabarmar, cikin tattasai, ta miƙa hannu.

"Ba ni na hwarkon. Mai Bisimilla."

Aisa ba ta yi niyya ba, amma ta miƙa mata. Da Faransanci aka rubuta, don haka Aliya tana karantawa tana juya mata.

"Ni ce Aliya, ɗiyar..." Ta tsaya, yatsanta a kan layin da ba a cika ba. Ta ɗauki wani shafin. "Ƙohwar gidanmu shuɗiya ce. In mota ta tsaya a waje sai in ruga, don na san..." Ta sake tsayawa. Ta ɗauki na uku. "Mutane suna ce mishi Shofer, wato direba. Ni ina ce mishi Aba. Sunanshi..."

Ta ajiye takardar a cinya.

"Wuri arba'in da ɗaya, Iya. Na ƙirga. Ba na farhe ba ne, naki ne. Ke kaɗai kika rage da za ki cika shi."

Iska ta ɗaga gefen wani shafi, Aisa ta sa ƙafa ta danne.

"Tun da cikin nan ya shiga nake ganin aska in na ruhe ido," in ji Aliya. "Zayyad ya gaji da tambaya ina ce mishi ba komi. Sai ya sayo kaye ya ce abin da ba zan iya hwaɗa mishi ba in hwaɗa wa takarda, shi ba zai buɗe ba. Kuma bai buɗe ba. Kin tuna ranar da na ce wa yara a lakwal ni ina tuna ranar da aka yi mini zane, suka yi ta dariya, suka ce ba mai tunawa, ni maƙaryaciya ce? Na zo gida na hwaɗa miki, kika dake ni. Sau ɗaya ke nan kika taɓa duka na. Daga ranar na yarda ni maƙaryaciya ce. Sai da na rubuta na ga abin a gabana, sannan na samu barci."

Ta lalubi wani shafi da ya yage a gefe, ta ɗaga shi da hannu biyu don kada ya rabu.

"Ya Fanna ta danne ƙahwahuna. Iya ta riƙe kaina a cinyarta. Wanzamin yana warin taba. Na ƙirga uku, daga nan ƙirga ta ɓace. Na kira Aba, bai zo ba. Wani abu mai ɗumi yana ta ɗiga a goshina, na ɗauka jinina ne, kuma shekara da shekaru ina jin haushin Iya da ta riƙe ni ko a jikinta. Sai yau da nake rubutawa na tsaya. Kumatu aka tsaga, jini kuwa ba ya hawa sama. Abin da ke saman goshina a ranar, huskar Iya ce."

Aisa ta zauna a ƙasa, a inda take tsaye. Ta ja ɗankwali ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, ba sauti. Haka ta yi kukan a wancan karon ma, don kada wanzami ya ji.

Sai da aka daɗe Aliya ta ce, a hankali, "Baba Ari ubana ne, har in mutu ina yi mishi addu'a. Amma wancan, in na ɗaga hannu zan roƙa mishi gahwara, ban san sunan da zan kira ba. Kuma wannan da ke tahe zai tambaye ni."

Ku da kuke ji za ku ce ai abu mai sauƙi ne, suna ne kawai. Amma Aisa ba ta taɓa furta sunan nan ba, ko sau ɗaya. Shekara bakwai na aurensu kunya ta hana ta, don matar kirki ba ta kiran sunan miji, sai dai "shi" ko "maigidan". Da ya mutu kuma tsoro ya karɓi aikin daga hannun kunya. Ba ɓoye wa yarinyar ta yi niyyar yi ba tun farko, bakin ne bai taɓa koyon hanyar ba.

Ta miƙe. Ta je ta mayar da sakatar zaure. Ta leƙa ta kan katangar maƙwabta ta dama, ta leƙa ta hagu, don kada in yi muku ƙarya, tsoron bai tafi ko'ina ba, kuma har gobe ba ta yarda da takarda ba. Ta dawo ta tsuguna dab da 'yarta, gwiwa na taɓa gwiwa. Ta yi gyaran murya.

"Abbakar," ta ce. Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. "Abbakar Mala."

Aliya ta maimaita a leɓe, ba sauti. Ta zaro bik daga jaka da sauri ta ɗora a kan layin farko. Bik ya ƙi ci. Ta danna, takardar ta huje.

"Ba ta bushe ba, Iya."

"To ki bari ta bushe."

"In na manta hwa?"

"Sai ki sake tambaya ta."

Aisa ta karɓi shafin, ta shimfiɗa shi inda rana ta fi ƙarfi, ta danne da tattasai biyu. Ta bi sauran tana juya su ɗaya-ɗaya, yadda take juya shanya, ba ta ɗago kai ba. Tana kan na shida ko na bakwai ta sake magana, ba wanda ya tambaye ta.

"Wushirya gare shi, irin taki. Ran sunanki ya kori wanzami daga ƙohwar gida, ya ce ba mai taɓa huskar ɗiyarshi, ya sa na yi mishi alkawari." Ta gyara zaman wani tattasai a kan takarda. "Wannan ma, in ta bushe, ki rubuta."